Jaririn da bai zo da rai ba: ana sallamar uwa babu bayani

Rahoton da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2020 ya nuna cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai a kowace shekara, kuma Najeriya na cikin ƙasashe shida da ke ɗauke da kusan rabin wannan adadi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne fiye da kashi 40 cikin ɗari na waɗannan jarirai da ransu aka fara naƙuda, wato sun rasu ne a cikin sa'o'in da ungozoma ƙwararriya ko tiyatar gaggawa za su iya ceton da yawa daga cikinsu.

Duk da haka, abin da uwa kan samu a ƙasar Hausa bayan wannan rashi bai wuce kalmomi kaɗan ba: "Sai haƙuri, babu rabo ne, Allah Ya kawo mai tsayawa." Addu'a ce mai kyau, kuma imani da ƙaddara shi ke riƙe zukata da dama, amma kuskure ne a mayar da ita ƙarshen magana. Mutuwar jariri a ciki galibi tana da sababi, kamar hawan jinin masu juna biyu da kan kai ga jijjiga, zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga, tunjere wanda allurar penicillin ke warkarwa, rabuwar mabiyiya kafin lokaci, ko doguwar naƙuda a gida. Matar da jininta ke rukunin Rh-negative, wato nau'in jinin da kan iya saɓa wa na ɗan da ke cikinta, tana bukatar allurar kariya da ake kira anti-D cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa domin kare cikin da zai biyo baya. Idan ba a bincika ba, wataƙila abin ya maimaitu, daga nan a fara raɗe-raɗin cewa wabi take yi, alhali a wasu lokuta gwajin jini kan iya bayyana matsalar.

Jikin uwa kuwa bai san an yi rashi ba. Jinin biƙi zai zo, kuma bayan kwana biyu ko uku nono zai cika ya yi tauri, riga ta jiƙe, babu mai sha. Akwai maganin da ke tsayar da ruwan nono, amma mata nawa ake yi wa tayinsa kafin sallama? Wadda ta sha doguwar naƙuda ma sai an duba ta da kyau, domin mafi yawan matan da ake kai wa cibiyoyin yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina sun rasa jaririn a wannan haihuwar da ta jawo musu lalurar.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. A ɗakin masu jego, sau da yawa akan kwantar da ita kusa da gadon wadda ake yi wa barka, tana jin kukan jariran wasu dare da rana. Kafin ta dawo hayyacinta an naɗe ɗan a zane an kai makabarta, bisa zaton cewa rashin ganinsa zai rage mata zafi. A ganina ita ya kamata a tambaya. Wata za ta ƙi, wata kuma za ta so ta ga fuskarsa ko sau ɗaya. Ba a yi suna ba, ba a yi zaman makoki ba, don haka sai a ɗauka babu abin jimami, idan ta yi kuka a ce ba ta da tawakkali. Ai Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Mijin da ya ɗauki gawar da hannunsa shi ma ba a cika tambayar halin da yake ciki ba.

Najeriya tana da tsarin bin diddigin mace-macen mata masu haihuwa da jarirai, wanda ake kira MPDSR, inda ma'aikatan asibiti ke zama su tantance musabbabin kowace mutuwa. Sakamakon wannan zama bai kamata ya tsaya a fayil ba. Ya dace ma'aikatun lafiya na jihohi su wajabta ba iyaye ranar dawowa asibiti bayan 'yan makonni, a auna jinin uwa, a tambaye ta barci da cin abinci da yanayin zuciyarta, sannan a faɗa mata da mijinta cikin Hausa abin da aka gano da abin da za a yi tun daga awon farko na ciki na gaba.