"To" ɗin Alhaji

Ƙarfe goma na dare a teburin mai shayi a Fagge. Mai shayin Bazazzagi ne, shi kuma Bakano yaron shago ne a Kantin Kwari, ya rafka tagumi ya ƙura wa waya ido.

Bazazzagi: Bawana lafiya? Shayinka ya huce, ko kuɗin ne ke maka ciwo kamar yadda kuka saba?

Bakano: Bari kawai ɗan Zazzau. Lissafin yau na tura wa Alhaji a WhatsApp har da atamfar da aka karɓa bashi, ya buɗe ina kallo alamar ta koma shuɗiya, ka san me ya rubuto? "To."

Bazazzagi: To.

Bakano: Ka ji irinta! Da "madalla" yake cewa fa. Wallahi kora ce, in ya kore ni mai gidan haya zai ji, in ya ji notis ne, uwar yara ta kwashe su ta koma gidansu, ni kuma in ƙare a tura baro a kasuwar Singa, ga bayana dama ba lafiya ba.

Bazazzagi: Ikon Allah. Baron naka ne ko na haya?

Bakano: Na haya mana, ina na ga kuɗin saye.

Bazazzagi: Ungo takardar burodi, ga biro. Nan gefen rubuta abin da ka sani tabbas, can kuma abin da kake zato.

Bakano: Na sani ya ce "to".

Bazazzagi: Sai me?

Bakano: Shi kenan. Amma gefen zaton takardar ba za ta isa ba, ƙaro min. Ka haɗo min da Nescafe mai kauri.

Bazazzagi: Ba zan sayar maka ba. Shi ke sa zuciyarka dukan uku-uku ya hana ka barci, ka kwana kana zaman kotu kai kaɗai, kai ne alƙali kai ne wanda ake ƙara. Ajiye wayar nan. Ja numfashi ta hanci ka ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali ka ƙirga shida.

Bakano: In karɓi huɗu in bayar da shida? Wannan ai faɗuwa ce, wane irin ciniki ne haka!

Bazazzagi: Kai dai yi. Sannan ka yanka wa tunanin nan lokaci, minti 15 bayan La'asar, in ya zo maka tsakar dare ka ce masa an rufe shago, ka rubuta shi ya jira gobe. Ga addu'ar da Annabi (SAW) ke yawan yi, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. In kuma abin ya kai sati biyu ba barci ba cin abinci, sai Dawanau.

Bakano: Kasuwar hatsin?

Bazazzagi: Asibitin! Ba sai mutum ya tuɓe a titi ake zuwa ba, masu damuwa da rashin barci ma suna ganin likita, a asibitin Malam Aminu Kano ma akwai sashensu.

Waya ta yi ƙara. Alhaji ne. Bakano ya miƙe tsaye har da rusunawa.

Bakano: Ranka ya daɗe... na'am... Allah ya ƙara arziki.

Bazazzagi: Yaya, a je neman baron?

Bakano: Wai hannunsa na cikin tuwo ne ya rubuta da hagu, lissafi ya yi daidai. Amma tsaya, me ya sa ya kira da kansa? Bai taɓa kirana da dare ba fa.

Bazazzagi: Bayan La'asar! Kawo kuɗina, shayi da ƙwai biyu, ga na shekaranjiya, tun ɗazu nake tunanin ko za ka biya.

Bakano: Tunani? Ga biro ɗinka, rubuta shi a gefen zato. Sai da safe bawana.