Motar Baba da Buhunan Takin Kawu

Ranar da aka raba gadon Baba a Argungu, yayyena suka karkata ga gonakin fadama, ni kuma da bakina na ce a sa mini motar da ke rumfar bayan gida a cikin kasona. Ba wanda ya yi jayayya. Wannan shirun kaɗai ya isa ya farkar da mai hankali, don a gidanmu ko tsohuwar buta aka zo rabawa sai an kira liman.

Motar Datsun 240Z ce, ƙirar 1972, ja wur, mai dogon bonet kamar bakin kada da kujeru biyu tak. Baba ya saye ta a hannun wani Bature da ya yi aikin madatsar ruwa ta Bakolori, can wajen Talata Mafara, lokacin da aka gama aikin a 1978 yana haɗa kayansa zai koma gida. Injinta silinda shida ne a jere, lita 2.4, da kafireta biyu. Irinta ce ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, labarin da Baba yakan bayar har da murɗa hannu kamar shi ya riƙe sitiyarin. Iyayenmu mata kuwa ba su taɓa ƙaunarta ba. Mutum mai mata biyu ya sayo mota mai kujerar fasinja ɗaya, ai ya sayo fitina da kuɗinsa. Sai da aka mayar da shiga motar bisa rabon girki sannan gida ya zauna lafiya. A wahalar man fetur ta 1994 ya tura ta rumfa, ya lulluɓe da tamfol, ya ce sai mai ya samu. Mai ya samu, ya sake ɓacewa, ya sake samuwa, tamfol yana nan.

Da na yaye tamfol ɗin bayan shekara talatin, wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Na sa hannun riga na goge ƙurar bonet, ja ya fito yana ƙyalli. Nan take na ɗauki hoto na sa a Facebook, na rubuta cewa nan da mako biyu za a ji ƙararta a titin Birnin Kebbi. Mutum ɗari da wani abu suka yi mini fatan alheri. Su ne daga baya suka zama masu bina bashi.

Na ja ƙofar direba, ta buɗe, sannan ta sunkuya ƙasa kamar mai gaida sarki. A ciki, daga kujerar fasinja har bayan motar, tarkacen buhunan taki ne, yuriya da kamfa, wasu sun narke sun daskare kamar kanwa. Na nemi Kawu.

"Kawu, wa ya zuba taki a motar Baba?"

"Ni na. Wagga mota ai ba ma'aji irinta cikin garin ga. Tun da anka aje ta nika sa takina ciki duk damina, ko buhu guda ba a taɓa sace min ba."

Takin zamani dangin gishiri ne, yana jawo laima daga iska ya riƙe, kuma abin da tsatsa take nema ke nan: ƙarfe, ruwa, iska, in an samu gishiri sai ta ninka sauri. Kawu ya shekara talatin yana ciyar da ita kamar ragon layya. Sannan ya ƙara mini da cewa a ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar mutane a Kebbi, ruwa ya kwana huɗu a rumfar har gwiwa. Ya faɗi wannan cikin fara'a, wai ai ruwan bai kai gilashi ba.

Duk da haka na shiga na zauna, don yaran gida sun taru suna kallo kuma ba na son girma ya faɗi. Na kama sitiyari, na gyara hula, na taka kuloci da ƙarfi irin na 'yan tsere. Kulocin bai motsa ba, amma dugadugina ya wuce. Na ji ƙafata a kan ƙasar Argungu, sanyi-sanyi. Da na zaro ta, takalmin ya tsaya can ƙasa, sai wani ƙaramin ɗan yayana ya rarrafa ƙarƙashin motar ya miƙo mini shi ta cikin ramin, yana cewa, "Baffa, akwai ƙwan zabi ma nan."

A bayan babbar mota aka kai ta Birnin Kebbi, tayoyinta huɗu ba mai juyawa, don birki ya manne da tsatsa. Hanyar nan ina biye a babur ina kallon gadona yana zuba a kan kwalta, ɓarɓashi-ɓarɓashi kamar garin barkono.

Kafin in kai ta wurin masu sana'a, sai da na gwada wayona. Na ga wasu ƙuraje a fentin gefen ƙofa, na goge su sama-sama da sanfefa, na shafa jan fenti, na ja da baya ina yaba kaina. Ruwan farko na damina bai bushe ba ƙurajen suka dawo, har da 'yan'uwansu. Notocin da suka ƙi kwancewa kuma na ji an ce tsami yana cin tsatsa, sai na kwashe tsamiyar da uwargida ta ajiye don kunu na jiƙa a roba na zuba su ciki. Gaskiyar magana ta yi aiki, bayan kwana biyu ƙananan notocin sun washe. Abin da ban yi ba shi ne gaya wa kowa. Da asuba yarinyar gida ta ga jiƙaƙƙiyar tsamiya a bakin madafi, ta tace abinta. Allah ya sa uwargida ta lura da launin kafin a dama. Ta ajiye mini rariya cike da notoci a gabana, ta ce, "Malam, ga ƙosan, kunun yana tafe."

Mai waldan da aka haɗa ni da shi dattijo ne, ba ya son yawan magana. Bai ko kalli bonet ɗin da nake taƙama da shi ba. Ya ɗauki sukundireba ya kwanta ƙarƙashi, ina jin yana soka, tsut, tsut, kamar mai gwada kabewa. Duk inda ya soka sai ta shige. Ya fito ya ce tsatsa daga ciki take fara ci, musamman a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, wanda cikinsa rami ne. Akwai 'yan hudoji da aka yi don ruwa ya riƙa fita, laka da sheƙar ɓera sun toshe su. Ƙurjin da na gani a fenti, in ji shi, ƙarshen labari ne, ƙarfen bayansa ya riga ya tafi. Mazaunin batir kuwa ruwan batir ya cinye shi tun Baba yana da rai.

Sannan ya ɗauko mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika, yana bin jikin motar da shi. Ko'ina yana kamawa, da ya zo ƙugun baya na dama sai ya faɗo ƙasa. Ya sake gwadawa, ya sake faɗowa.

"Alhaji ya taɓa bugawa da ita?"

"Haba dai. Baba bai taɓa ko gogar kaza ba, da bakinsa ya sha faɗa."

Ya sa guduma ya ƙwanƙwasa, wani ɓangare mai kaurin tafin hannu ya ɓalle, fila ce zalla, ƙullin nan da masu gyaran jikin mota suke cike lotsawa da shi. Na kira Hajiya a waya, ta yi dariya har da tari, ta ce ai jakin wani mai itace ne a hanyar Jega, shekarar da aka haife ni, kuma Baba ya sa ta rantse.

Dokar dattijon ɗaya ce: a yi ta yanka sai an kai ga ƙarfe mai ƙyalli, don walda ba ta kama tsatsa. Ya yi ta yanka. Akwai ranar da na tsaya a inda kujerar direba take, ƙafafuna a ƙasa, motar ta kewaye ni kamar zani. Ya auna sabon faranti, ya bubbuga, ya liƙa. Inda tsatsar ba ta huda ba ya goge da burushin waya, ya shafa wani ruwan magani mai asid ɗin fosfarik wanda yake mayar da jan baƙi, sannan fentin ƙasa, sannan ya ɗura mai a cikin ramukan nan ya buɗe hudojinsu. Sau ɗaya tsohon kafet ya kama da wuta, muka kashe da butar alwalar maƙwabcinsa, mutumin yana tsaka da wanke ƙafa.

Tankin mai nasa daban. Fetur ɗin 1994 ya zama wani danƙo mai warin fentin katako. Muka ciro tankin, muka zuba tsakuwa da kananzir, na sa yaran unguwa suna girgizawa ana ba su alewa, ya amayar da tsatsa kusan rabin kwano. Injin kuma bakanike ya cire filogi shida, ya zuba baƙin mai a ramukan, ya ce a bar shi mako guda. Kullum in zo in ɗora sifana in ja, shiru. Ranar ta tara ya motsa, ni kuma na faɗi da baya cikin tiren mai tallar gyaɗa.

Mako biyun nan wata goma sha huɗu ya zama. Uwargida ta raɗa wa motar Amarya, tana cewa ko ita da aka aura da sadaki ba a kashe mata haka ba.

Ranar da ta tashi, wata Juma'a, na kama hanyar Argungu da sabuwar shadda, ina taka daɓen motar a hankali don har yanzu ƙafata ba ta yarda da shi ba. Na tsaya ƙofar gida, yara suka yi caa. Kawu ya fito da sandarsa, ya kewaya ta sau biyu, ya buɗe ƙofar baya, ya sa sandar ya ƙwanƙwasa sabon ƙarfen, ya ji ƙarar da kyau. Ya gyaɗa kai.

"Madalla, ɗan nan, aiki ya yi. Yanzu ko buhu shida ta ɗauka. Yaushe kaka maido ta rumfa? Jibi anka ce a zo a amshi taki."