Motar da ba ta da safaya

Ranar Lahadi ce ta ƙarshen Nuwamba, ƙarfe biyar bai cika ba amma duhu ya rufe kamar bayan isha'i. Haka arewacin Jamus yake idan sanyi ya kankama. Muna dawowa daga Celle za mu Hannover, ni da maiɗakina da ɗanmu mai shekara 11, sai na ce bari in ratse ta ƙauyuka. Hanyoyin nan ƙanana ne, mota ɗaya tafiya ɗaya dawowa, an jera musu itatuwa hagu da dama, kuma duk bayan mita 50 akwai wani farin turke mai baƙin ɗamara da ke walƙiya in fitila ta haske shi. Can cikin gonakin da aka girbe ga manyan fankokin lantarki suna ta ƙifta jar wuta. Ban ga abin da na taka ba. Na dai ji dum, sitiyari ya yi nauyi, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana.

Ko gezau ban yi ba. Ina da shekara 14 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sa ni na canza taya shi yana tsaye hannu a baya, ya sa na sake har sau uku. Na gangara gefe, na saka rigar nan mai ƙyalli da doka ta wajabta a ajiye a mota, na ɗauki alamar nan mai kusurwa uku na ƙirga turke biyu na kafa ta, mita 100 ke nan kamar yadda aka koya mana a makarantar tuƙi. Na dawo ina naɗe hannun riga, har ina ce wa yaron ya fito ya ga yadda ake yi.

Na buɗe but, na ɗaga shimfiɗar ƙasa. Babu safaya. Babu jak, babu sifana. Wani baƙin soso ne mai tauri aka fafe masa ramuka biyu, ɗaya an zaunar da kwalba kamar ta madarar jarirai, ɗaya kuma ɗan famfon iska da ake jonawa a wurin kunna sigari. Shekara uku ina jan motar nan ban taɓa ɗaga wannan shimfiɗa ba. Laifina ne, na karɓa. Amma don Allah wane ne zai sayi mota ya tsaya tambayar ko tana da safaya? Kamar ka sayi riga ne ka tambayi tela ko ya buɗe mata wuya.

Abin da ke cikin kwalbar wani ruwa ne mai danƙo. Ana ɗura shi a tayar, a ba ta iska, ya toshe hujin daga ciki, sai ka lallaba kada ka wuce gudun kilomita 80 har ka kai gareji. Yana aiki in ƙusa ce ta shiga ta inda taya ke taka ƙasa. Tawa kuwa a gefe ta yage, yagar da yatsana biyu ke shiga. Ko tulu guda na ɗura, ta nan zai zube. Maiɗakina ta sauke gilashi ta ce, "Malam, ka kira masu janwe mana, sanyi fa." Na kira. Awa biyu da 'yan mintoci muka yi kafin janwe ya iso. Direban yaro ne mai ladabi, ya ɗora motar ya kai ta ƙofar wani gareji da ke rufe, don ranar Lahadi a nan hatta manyan kantuna a kulle suke. Ya ba ni ambulan na saka makulli na rubuta sunana, na zura ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa. Muka nemi tasi zuwa tashar jirgin ƙasa. Duk wannan a kan aikin da ba zai ci mini minti ashirin ba.

Da na bi ba'asi sai na ga dalilin. Dokar Jamus ba ta tilasta ɗaukar safaya ba. Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade wa masu ƙera mota yawan hayaƙin da motocinsu za su fitar, giram 95 a kowace kilomita idan aka yi musu kuɗin goro, ƙa'idar da ta hau kan dukkan sababbin motoci daga 2021 zuwa 2024, kuma duk giram ɗaya da aka haura akwai tarar Yuro 95 a kan kowace motar da aka sayar. To safaya da jak da sifana sun kai wajen kilo 20. A cire su, mota ta yi sauƙi, kamfani ya rage kashe kuɗi, ramin kuma a cusa masa batir ko tankin ruwan nan na AdBlue da motocin dizal ke sha. Lissafi ne mai kyau a kan takarda. Wanda ya yi shi dai ba ya tare da mu a gefen titi a daren nan.

Garejin ba su da irin tayata a ajiye, sai da aka yi oda, suka ara mini wata mota sabuwa fil na kwana biyu. Nan na ga abin da ya fi rashin safaya. Kyan ɗan maciji. Gabanta babu maɓalli ko ɗaya da hannu zai laluba, allo ne guda kamar na talabijin. Da asuba gilashi ya yi hazo, ina so in juya iska ta bugi gilashin, sai na shiga nan, na fita can, na danna wani ɗan hoto da bai kai ƙwayar ido ba, duk ina tafiya. A tsohuwar mota hannunka ya haddace inda komai yake, ko a duhu ka miƙa ka murɗa, idonka na kan hanya. Abin mamaki, a ƙasar nan in aka kama ka riƙe da waya kana tuƙi Yuro 100 ne, da maki ɗaya a kundin masu laifin tuƙi da ke Flensburg. Amma an ɗauko abin da ya fi waya girma an manne maka a gaba an ce ta nan za ka kunna hita. Har kotu ta taɓa shiga maganar: a 2020 wata kotu a Karlsruhe ta tabbatar da hukunci kan wani direban Tesla da ya bar titi yana ƙoƙarin daidaita gudun waifa a jikin allo. Shi aka hukunta, wanda ya ɓoye waifar a cikin allo yana gida yana barci. Ita ma hukumar Euro NCAP mai ba motoci taurarin aminci sai da ta farga, ta ce daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina da hon da waifa da fitilar gaggawa suna da madanni na zahiri. Wato an zagaya an dawo inda aka baro.

Sannan ga surutu. Tun Yulin 2024 duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai dole ta zo da na'urar da ke karanta allunan iyakar gudu ta yi maka ƙara in ka haura. Wani lokaci allon titin gefe take karantawa, kana kan hanyar 70 ta rantse 30 ce, ta yi ta ɗing ɗing. Ka kashe ta, gobe da ka tayar da mota ta dawo, don haka dokar ta ce. Akwai kuma mai tsare maka layi, wadda a kan siririyar hanyar ƙauye, daidai lokacin da ka matsa gefe don babbar mota ta wuce, za ta fizgi sitiyarin ta mayar da kai tsakiya. Ka tsaya a danja inji ya mutu da kansa. Ka ɗora jaka a kujerar gaba ta ce jakar ba ta ɗaura bel ba. Shekara 25 ina tuƙi, ban taɓa jin an raina ni kamar kwana biyun nan ba. Sai ka ce kishiyar uwa ce a zaune a gefena.

In ka buɗe bonet ma haka. An lulluɓe inji da baƙar roba. Wasu ba su da sandar auna baƙin mai, sai ka tambayi allo, shi kuma ya ce sai inji ya yi zafi kuma mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri. Batir ya mutu, a wasu motocin ba ka isa ka sayo ka ɗaura shi ke nan ba, sai an jona kwamfuta an gabatar mata da sabon kamar baƙo. Ƙwan fitila ya ƙone, in irin na zamani ne a rufe yake ruf, gaba ɗayan fitilar za a canza, wani lokaci sai an sauke bamba. Birkin hannu ya koma ɗan maɓalli, in wuta ta ɗauke ko sakinsa ba ka iya yi balle a tura. A 2022 har BMW suka gwada karɓar kuɗin wata-wata kafin su kunna wa mutum ɗumin kujerar da ke cikin motar da ya riga ya biya, sai da aka yi musu ca suka janye a 2023. Ni kam ban san me za a kira wannan ba in ba haya ba. Sunanka ne a takarda, kai ke biyan inshora da haraji, amma a cikinta kai baƙo ne.

Na san abin da wasunku za su ce: kana can cikin daula kana kukan daɗi. To, gaskiya ɗaya ce. A 1970 mutum sama da 19,000 suka mutu a haɗarin mota a Jamus ta Yamma kaɗai, yanzu duk ƙasar ba a kai 3,000 a shekara. Bel da jakar iska da birkin da ba ya ƙulle taya suna da hannu a ciki. Binciken da ake kira TÜV, da ake yi wa mota bayan shekara uku da fitowa sannan duk bayan shekara biyu, ba wasa ba ne, mutum zai shiga ƙarƙashinta da tocila ya duba har tsatsa. Na yarda da wannan duka. Amma wa rashin safaya ya taɓa ceta? Wane rai aka tsirar da aka ɓoye hita a cikin allo? An fake da aminci an cusa mana abubuwan da ribar kamfani kawai suke karewa, allo ɗaya ya fi maɓallai talatin arhar haɗawa.

Ina ta zagaye-zagaye ne dai. Abin da ya tsaya mini a rai awa biyun nan ne.

Na ƙirga motocin da suka wuce mu, don ba ni da abin yi. Arba'in da ɗaya. Kowace ta rage gudu tun daga nesa, ta kunna sigina, ta kauce mana da kyau kamar yadda aka koya musu, ta wuce. Ba wanda ya sauke gilashi. A daren na ji haushinsu ƙwarai, har na faɗi maganganun da maiɗakina ta ce in yi istigfari. Daga baya na sauko. Mutanen nan ba mugaye ba ne, da jini suka gani da sun tsaya, doka ma ta wajabta musu. Sun ga riga mai ƙyalli, sun ga alama a inda ya dace, sun san na kira. Kuma in sun tsaya su yi me? But ɗinsu irin nawa ne, soso da kwalba. Ba mai jak da zai ara mini, ba abin da za a kama a ɗaga, ba mota ce da za a tura ba. An ƙera ta ne yadda ba wanda zai iya yi wa wani komai a kanta sai mai yunifom da kati.

A gida ba sai na gaya muku ba. Kun san mutum nawa za su taru kafin ka gama buɗe but, kun san rabinsu ba abin da suka sani sai ba da shawara. Da ina can haushinsu nake ji. A gefen gonakin nan kuwa da zan samu ko guda ɗaya ya tsaya a kaina yana cewa ba haka ake yi ba, wallahi da na rungume shi. Kuma kada ku yi mini dariya da yawa, motocin da ake lodawa a jiragen ruwa a Hamburg da Antwerp kun san inda suke sauka. Wannan mai allon da ta kwana biyu tana yi mini faɗa, ku ba ta shekara goma.

Abin da ya fi ci mini rai yaron ne. Na kira shi ya fito ya ga ubansa zai yi abu, ya fito cikin sanyi yana rawar ɗari, abin da ya gani shi ne ubansa na riƙe da waya yana jiran a ɗauka. Bai ce komai ba. A jirgin ƙasa ne ya ce, "Abba, ai haka baban abokina ma yake yi, kira kawai ake yi." Don ya kwantar mini da hankali ya faɗa.

Sati na zagayowa na sayi safaya cikakkiya, da jak, da sifana mai kai huɗu. Ba ta shiga ramin ba, don ba a yi ramin dominta ba, tana nan kwance ta cinye rabin but, duk ranar cefane sai an yi mini gori. Ranar Asabar na fito da motar gaban gida na ce yaron ya cire tayar baya ya ɗaura safayar. Maƙwabcinmu, wani dattijo da sai gaisuwa ke haɗa mu shekara shida, ya tsaya a bayan shingensa yana kallo. Can ya tako, ya nuna wa yaron a ɗaure notuna bi-da-bi a gicciye, kada a bi su a jere. Na san haka sarai, amma na yi shiru na bar shi ya faɗa. Sau uku na sa yaron ya sake.

Da muka sauke jak na tayar da mota, fitilar nan ruwan ɗorawa ta kama. Safayar ba ta da na'urar auna iskar da kwamfutar ta sani. Garejin sun ba ni ranar Alhamis ta sama, ƙarfe takwas da kwata.