Bakin Kogin Bonny Da Yunwar Biyafara: Taswira Ta Riga Ta Faɗi Wanda Zai Mutu

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen yaƙin basasar Najeriya, sai ka ji an tafi kan Gowon da Ojukwu, ko yunƙurin Murtala na tsallaka Kogin Kwara zuwa Onica, ko gardamar wanda ya fara tsokana. Da wuya ka ji an ambaci Bonny. Ni kuwa a ganina abin da ya faru a wannan ɗan tsibiri a ƙarshen watan Yulin 1967 ya fi yawancin gwabzawar da ake ba da labari tasiri, domin daga nan aka ɗaura wa yankin Gabas igiya a wuya.

Mu da muka tashi nesa da teku muna ɗauka cewa duk inda ƙasa ta haɗu da ruwa, jirgi zai iya tsayawa ya sauke kaya. Ba haka abin yake ba. Gaɓar tekun da Biyafara ta samu lokacin da Ojukwu ya yi shelar ɓallewa ranar 30 ga Mayun 1967 tana da tsawo in ka duba taswira, amma kusan dukkanta fadama ce da dajin da ke tsiro cikin ruwan gishiri, ga ƙananan rafuka birjik. Bakunan kogunan kuma yashi ya tare su, babban jirgin dakon kaya in ya kuskura ya shiga sai ya kafe. Hanyoyin da jirgin kirki zai bi ba su wuce biyu ba: Kogin Bonny da ke kai wa Fatakwal, sai mashigin da ke kai wa Kalaba. Ita Fatakwal ɗin ma ba a bakin teku take ba, tana can ciki kusan kilomita 60. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta wajen 1912 don fitar da kwal ɗin Inugu, suka zaɓi wurin saboda zurfin ruwansa, ba su damu da cewa ƙofarsa ɗaya ba ce. Gida ne mai zaure ɗaya, wanda duk ya zauna a zauren shi ke da ikon shiga da fita.

Rundunar sojan ruwan Najeriya a wancan lokaci ƙarama ce ƙwarai. Babban jirgin yaƙi guda ɗaya gare ta, NNS Nigeria, sai 'yan ƙanana na sintiri. Da a ce gaɓar Gabas tana da tashoshi masu zurfi bakwai ko takwas a warwatse, wallahi waɗannan jirage ba za su iya tsare su ba. To amma ba a buƙaci haka ba. Makonni uku da fara yaƙi, sojojin tarayya ƙarƙashin Benjamin Adekunle suka sauka Bonny ta ruwa suka kama garin, da shi da tashar lodin man Shell-BP da ke wurin. Daga ranar, Fatakwal tana hannun Biyafara amma ta daina amfani, ga ma'ajiyar kaya, ga layin dogo, babu jirgin da zai iso. A watan Oktoba Kalaba ta faɗi. Ta gabas kuwa, Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru yana tare da gwamnatin tarayya da ke Legas, saboda haka babu zancen shigo da kaya ta iyakarsa. Lokacin da aka ci Fatakwal kanta a watan Mayun 1968, tashar ta daɗe da mutuwa, filin jirgin samanta ne babban abin da Biyafara ta rasa.

Wani zai ce ai 'yan fasa-ƙwauri sun san kowane lungu na rafukan nan. Gaskiya ne, kwale-kwale yana ratsawa da dare, ya kawo gishiri da magani da ɗan harsashi. Amma kwale-kwale ba ya ciyar da mutane miliyoyi. Yankin Gabas yana noma doya da rogo, sai dai abincin da ke gina jiki daga waje yake zuwa: busasshen kifin Norway ta teku, shanu da wake daga Arewa ta jirgin ƙasa da mota. Yaƙi ya yanke ta Arewa, killacewar ruwa ta yanke ta teku, aka bar yara da garin rogo zalla. Abin da ya haifar da kumburin ciki da jan gashi da duniya ta gani a hotuna a 1968 ke nan. Masu ƙiyasi sun saɓa kan adadin waɗanda suka mutu, daga rabin miliyan har zuwa miliyan biyu, kuma mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba.

Ku kwatanta da yaƙin basasar Amurka. A watan Afrilun 1861 Shugaba Lincoln ya yi shelar killace tashoshin jihohin Kudu da suka ɓalle, gaɓar da ta kai kilomita 5,600. Arewarsu tana da masana'antu, ta ƙera jirage ɗaruruwa, duk da haka tashar Wilmington ta gagare ta kusan shekara huɗu. Dalili kuwa, Kogin Cape Fear da ke kai wa garin bakinsa biyu ne, tsakaninsu akwai tsibiri da wani dogon tudun yashi da ya miƙe cikin teku. Jirgin da ke gadin wannan baki in yana son zuwa wancan sai ya yi doguwar kewaya, dole aka raba rundunar gida biyu. Masu fasa killacewar kuwa suna tasowa daga Nassau da Bamuda cikin jirage masu gudu, su jira daren da babu farin wata, su zaɓi bakin da suka ga dama. Sai da aka sauke sojan ƙasa aka ci ganuwar Fort Fisher ranar 15 ga Janairun 1865 sannan hanyar ta toshe, kuma ba a cika wata uku ba Janar Lee, babban kwamandan sojan Kudu, ya miƙa wuya.

Jamus ma a Yaƙin Duniya na Ɗaya haka ta tsinci kanta. Ingila ba ta matso kusa da Hamburg ba, ta tsare mashigin Dover mai faɗin kilomita 33 da kuma ratar da ke tsakanin Scotland da Norway, shi ke nan.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan zamani shi ne Yukiren, domin a ƙasa ɗaya, a yaƙi ɗaya, tashoshi biyu maƙwabta sun samu makoma daban. Odesa tana fuskantar buɗaɗɗen teku. Bayan an nutsar da jirgin yaƙin Rasha mai suna Moskva a watan Afrilun 2022, sojojin Rasha kuma suka bar Tsibirin Maciji a ƙarshen Yuni, jiragen yaƙinsu suka ja baya daga yammacin Bahar Aswad. Turkiyya ta riga ta rufe mashigin Bosforus ga jiragen yaƙi bisa yarjejeniyar Montreux ta 1936, don haka wanda ya nutse ba a iya kawo madadinsa daga waje. Ko da Rasha ta fice daga yarjejeniyar fitar da hatsi a watan Yulin 2023, jiragen alkama da masara sun ci gaba da fita daga Odesa, suna raɓe da gaɓar Romaniya da Bulgeriya, ƙasashen ƙungiyar NATO da ba a son taɓa ruwansu. Mykolaiv kuwa, wadda ita ma babbar tashar hatsi ce, tana can cikin kogi, hanyar fitarta ta gefen wani siririn tudu ce mai suna Kinburn wanda sojojin Rasha suka kama a 2022. Bindigar atilare daga tudun ta isa ta hana kowane jirgi motsi, sai tashar ta zauna a rufe alhali garin bai taɓa faɗawa hannun abokan gaba ba.

'Yan uwanmu na Nijar sun ɗanɗana wani abu mai kama da wannan ba tare da an harba ko jirgi ɗaya ba. Da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi bayan juyin mulkin Yulin 2023, rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya kaɗai ya raba su da tashar Kwatano, manyan motoci suka yi jerin gwano, aka koma kewayawa daga Lome ta Burkina Faso cikin haɗari da tsada.

Ga inda nake son zuwa. Duk hafsan da ya zauna ya tsara killace wata tasha, taswira tana gabansa. Ya san bakuna nawa ne, ya san zurfinsu, ya san abin da jama'ar da ke bayan tashar suke ci da inda yake fitowa. In gaɓar irin ta Wilmington ce, yana iya cewa matsi ne kawai yake yi wa abokin gaba, kaya za su riƙa sulalewa. In irin ta Bonny ce, ko irin ta Hudaida da yawancin abincin Yaman ke shigowa ta cikinta, to tun ranar farko ya san zai rufe ruf, ya kuma san soja ba shi zai fara kwana da yunwa ba, yaro ɗan shekara uku ne da uwarsa mai shayarwa. Shi ya sa ba na karɓar uzurin "ba mu zaci abin zai kai haka ba", ko daga bakin wa ya fito. Ina cikin masu ganin haɗin kan Najeriya ya cancanci a kare shi, kuma hana makamai shiga hannun wanda kake yaƙi da shi halal ne a dokar yaƙi. Amma iyakar ƙarfin da yanayin gaɓa ya ba ka, iyakar nauyin da ya hau kanka na buɗe hanyar abinci. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya haramta amfani da yunwa a kan farar hula, kuma hotunan yaran Biyafara suna cikin abin da mutanen wancan zamani suka gani da idonsu.

Laifin kuma ba na ɓangare ɗaya ba ne, a faɗi gaskiya. Legas ta yi tayin hanyar mota da za a bi da kayan agaji bayan ta duba su, Ojukwu ya ƙi, yana cewa za a sa guba ko a yi amfani da hanyar wajen kutsowar soja. Ya fi son jiragen dare da ke tasowa daga tsibirin Sao Tome su sauka Uli, wani titin mota da aka faɗaɗa ya zama filin jirgi, domin a cikin duhun nan jiragen makamai ma suna shigowa. Legas ta san da haka, har a watan Yunin 1969 jirgin yaƙinta ya harbo jirgin Red Cross. Alhali ana iya raba buhun abinci da akwatin harsashi in an so: a Istanbul, jami'an Rasha da Yukiren da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya sun riƙa hawa jirgi tare suna dubawa, har tan kusan miliyan 33 na hatsi ya fita cikin shekara guda ana tsaka da yaƙi. Mu a namu, an yi ta zaman sulhu a Kampala da Yamai da Addis Ababa a 1968 ana jayayya kan ta sama za a bi ko ta ƙasa, da rana ko da dare, ba a daidaita ba har yaƙin ya ƙare a watan Janairun 1970.