Ranar da na ci maki ina salati

Wai ƙwallo za mu je bugawa, in ji mutumin nan na wurin aikinmu, ɗan Ayilan ɗin nan mai jan gemu. Ni kuwa kun san lamba tara nake bugawa a unguwa, sai na suri takalmi na bi shi filin ƙungiyarsu a yammacin Landan, ana yayyafi. Na ga sandunan raga sun zarce sama kamar harafin H. Ban tambaya ba, girman kai.

Ana hura usur wani ƙato ya yi tsalle ya cafe ƙwallo da hannu biyu. Na kwarma ihu, "Hannu! Hannu!" Mutum 29 suka juyo suna kallona. Ashe tasu ce ta gargajiya, Gelik: ka riƙe, ka yi taku huɗu, sai ka doka ta a ƙasa ko ka sake ta a kan ƙafa ta dawo hannu. Na rungume ta na sheƙa kamar ɓarawon kaza, usur. Na sunkuya na ɗauka daga ƙasa, usur, wai sai an sa ƙafa an ɗago ta.

Can sai ga ni daga ni sai gola. Na ɗirka mata ƙafa, ta tashi fiu ta bi ta saman sanda. Na zube a gwiwa cikin taɓo, na dafe kai, ina salati. Sai na ji tafi, ana bubbuga mini baya. Na ɗauka shaƙiyanci ne. Na miƙe, na ture hannun wani, na ce masa da ƙarfi kowa ma yana ɓarar da ƙwallo, ba a kaina aka fara ba. Ya tsaya yana kallona baki buɗe. Ashe maki na ci. Ta sama ɗaya ne, cikin raga uku.

Wanda ban yafe wa ba shi ne tsohon nan na bakin fili. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan jakar wani. Wai tun 1884 da aka kafa hukumar wasan, bai ji wanda ya ci maki ya nemi faɗa ba. Mutumin da ko rigar sanyinsa bai cire ba, karensa ma riga ya sa masa.

Sun ce mako mai zuwa wasan sanda ne, har da hular kwano. Na ce ina da aiki. Wandon yana nan jiƙe a bokiti.