Kafin ki ƙara kwana da yunwa, je a duba miki jini

'Yan'uwana mata na Jidda da Makka, musamman ku 'yan mata, don Allah ku ba ni aron kunnuwanku.

Akwai wata ƙanwata a nan unguwar Karantina ta Jidda da ta yi wata takwas tana gana wa kanta azaba. Da safe shayi ba sukari, da rana dabino uku, da dare ruwa. Ga shayin rage ƙiba da take ta zuba wa riyal a TikTok. Sikeli ko gezau. Ana kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ta ja bargo, a wannan zafi namu. In ta taje kai, matajin ya cika da gashi. Fata a bushe, barci ba ya isarta. A gida kuwa ba abin da ba a ce mata ba: raguwa ce, a ɓoye take ci. Har ni na taɓa faɗa, Allah Ya yafe mini.

Ranar da na ja ta mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka yi mata gwajin jinin da ake kira tahalil ɗin TSH, sai ga gaskiya. 'Yar halittar nan ta gaban wuya, wadda Larabawa ke kira gudda daraƙiyya, ita ce ta yi sanyi. Ita ke hura wutar da jiki ke ƙona abinci da ita, kuma in ta kumbura ita ce maƙoƙon da muka sani. Wannan matsala mata ta fi kamawa, nesa ba kusa ba.

Ku sani, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da jiki ke ƙonawa a yini, yana ƙona shi ne ko kina kwance: numfashi, bugun zuciya, aikin hanta da ƙwaƙwalwa. Wannan wuta ba ɗaya ba ce ga kowa. Akwai gado, akwai girman jiki. Tsoka ta fi kitse ci, shi ya sa yayanki zai share farantin kabsa ya miƙe lafiya, ke rabi ya zauna miki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne horon yunwar nan. Jiki bai san kwalliya kike nema ba, fari yake gani, sai ya rage wuta, ya shiga cin tsokarsa. A 1944 zuwa 1945 an gwada haka a jami'ar Minesota ta Amurka: maza 36, aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida, ƙonawar jikinsu ta faɗi da wajen kashi 40 cikin 100. Kin ga ke da kanki kike yayyafa wa murhun ruwa.

Kada kuma ki laɓe da shekaru. Babban binciken da ya fito a 2021 ya nuna wutar ba ta cika sauka ba daga shekara 20 har 60. Zama ne ya yi mana yawa, daga ɗaki sai mota, ga hira har kiran asuba. Ki ci abinci na ƙwarai, wake, ƙwai, kifi. Ki taka bayan la'asar, ki ɗaga abu mai ɗan nauyi, ki yi barcin dare.

Ƙanwata yanzu ƙwaya ɗaya likita ya rubuta mata, tana sha da ruwa da sassafe kafin ta karya. Juma'ar da ta wuce tare muka taka a Kurnish, bakin teku, ita ce a gaba.