Kififiyar Amurka a Agege da tamu ta fadamar Haɗeja

Ranar Lahadin da ta wuce na kai ziyara gidan wani aminina a Agege, wanda fataucin goro ya kawo iyayensa Legas tun kafin a haife shi, kuma a falonsa ne ɗansa mai shekara 15 ya faɗa mini maganar da har yau take yi mini zafi. A kusurwar falon akwai akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, da ruwa fiye da rabi a ciki, ruwan kuwa garau har ana iya ƙirga duwatsun da aka shimfiɗa a ƙasansa. A gefe ɗaya an kafa ɗan dandamali da ya ɗara ruwan tsawo, an rataya ƙwan fitila biyu a kansa, ɗaya na zafi ɗaya na haske, ga kuma wata ƙaramar na'ura tana zuƙar ruwan tana tacewa tana mayarwa ba dare ba rana. A kan dandamalin wata kififiya ce ta miƙe ƙafafunta na baya tana shanya jiki, bayanta kore mai duhu, wuyanta da zane ruwan ɗorawa, da jan layi a bayan kowane ido.

Na ce wa yaron ai mu da wannan dabba muka tashi, ya fito da ita tsakar gida ta sha iska, ya riƙa jefa mata guntun tuwo. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Kawu, ai wannan ba irin riƙon da ake yi mata a Arewa ba ne. A can sai dai a jefa ta a bokiti har ta mutu."

Ba zan tauye wa yaron haƙƙinsa ba, domin ya san abin da yake yi fiye da yadda na zata. Wannan kififiya mai jan kunne asalinta daga yankin kogin Misisipi ne a Amurka, ana sayar da ita tana 'yar mitsitsiya, amma macen takan kai kusan santimita 30, kuma idan ta sami kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30 a raye. Fitilar hasken tana ba ta abin da rana ke bayarwa, wato hasken da jikinta yake buƙata don samar da bitamin D, wanda idan babu shi ba za ta amfana da sinadarin kalsiyam ba, sai ƙoƙon bayanta ya yi laushi ya karkace. Ajiye akwatin a bakin taga ba ya magance wannan, saboda gilashi yana tare wannan hasken. A cikin ruwa take haɗiye abincinta, a ciki take kashi, shi ya sa ruwan yake saurin lalacewa. Tuwon da na ba da shawara kuwa ba cimarta ba ce, domin tana ƙarama ƙwari da tsutsa da ƙananan kifi ta fi so, idan ta girma sai ta ƙara karkata ga ganyaye. Na kuma ga yaron ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa ruwan, saboda ƙwayar cutar salmonela da waɗannan dabbobi suke ɗauke da ita, wadda ta sa tun 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan da bayansu bai kai inci 4 ba. Har inbata mahaifinsa ya jona wa akwatin saboda ɗauke wuta.

Duk da haka ban yarda cewa wannan ya fi namu tausayi ba. Fitila da na'urar tacewa da dandamali, kowannensu kwaikwayo ne na abin da fadama take bayarwa kyauta, an saye shi da kuɗi an cusa a cikin ɗaki. Kififiyarmu, wadda take lanƙwasa wuyanta gefe ta ɓoye shi ƙarƙashin ƙoƙonta, ba ta jiran kowa ya kunna mata rana. Idan kududdufi ya ƙafe sai ta nutse cikin taɓo ta yi zamanta har ruwan farko ya sauka. Gaskiya ne masunta suna kama ta, gaskiya ne kuma muna yara mun sa wasu a bokiti, amma ban manta ba kakata ba ta taɓa barin ta kwana biyu a gidanmu ba, sai ta tuna mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Haka za mu ɗauka mu mayar bakin ruwa muna ƙunƙuni. A ganina mutumin da ya san ba zai iya riƙon dabba ba ya mayar da ita mazauninta ya yi mata adalci, kuma wannan ma ilimi ne ko da ba a karanta shi a intanet ba.

Sannan akwai tambayar da na yi wa mahaifin yaron bai ba ni amsa ba. Nan da shekara 3 yaron zai tafi jami'a, ita kuwa kififiyar tana da sauran shekaru masu yawa a gaba, to wa zai ci gaba da canza ruwa da sayen fitila? A ƙasashe da dama idan masu ita sun gaji sai su sake ta a tafki, inda take danne kififiyoyin wurin a abinci da wurin shan hantsi, har Tarayyar Turai ta hana shigo da ita a 1997. Legas gari ne na ruwa ta kowane ɓangare, ba shi da sanyin da zai kashe ta, kuma ina jin tsoron ranar da za a fara zubar da ita a magudanan ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yaron ya ce "a can", kamar yana maganar wata ƙasa, alhali bai taɓa tsayawa bakin fadama da damina ba. Da na koma gida na nuna wa 'ya'yana hoton da na ɗauka a waya, dukansu suka ce kunkuru ne, babu wanda ya taɓa jin kalmar kififiya, kuma laifin nawa ne da nake kai su gida sai da rani kawai. Ita kanta fadamar ba yadda na bar ta take ba, tun da madatsun Tiga da Challawa suka rage ambaliyar da take cika ta, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

A daren na kira yayana a Haɗeja na tambaye shi kududdufin bayan unguwarmu. Ya ce an cike rabinsa an yi gini, amma yara suna samun kififiya a ɓangaren da ya rage. Na ce masa zan kawo yarana hutun watan Agusta, tare da ɗan aminina idan mahaifinsa ya amince, ya taimaka ya hana yaran unguwa kwashe su kafin mu iso.